Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga hukumar Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, Bauchi

Zuwa ga Shugaban Majalisar Gudanarwa, da Shugaban Jami'a, da Majalisar Malamai.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Mu da muka rubuto wannan takarda injiniyoyi ne da ma'aikatan ɗakin gwaji da masu haƙar burtsatse, muna aiki tsakanin Bauchi da Gombe. Muna jin ja-in-jar da ake yi kan makomar jami'ar nan, ko ta ci gaba da zama ta fasaha, ko a buɗe ta ga kowane fanni kamar yadda aka yi wa ta Modibbo Adama da ke Yola a 2021. Kowane ɓangare da hujjarsa. Uban da ke son ɗansa ya karanta shari'a a jami'ar tarayya ba sai ya bar jiha ba, bai yi laifi ba. Amma mu abin da ya dame mu daban ne. A bar kalmar fasaha a doka ko a goge ta, abin da ke mai da yaro injiniya shi ne injin da ya kama da hannunsa, da gwajin da ya yi ya ga sakamakon da idonsa. A kan wannan muke so ku dubo mu.

Kun fi mu sanin tarihin gidanku, amma akwai abin da za mu ɗauko daga ciki. An kafa jami'ar a 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, da sunan Jami'ar Fasaha ta Tarayya, Bauchi, shekara ɗaya da ta Makurdi da ta Owerri. Akure da Yola suka biyo a 1981, Abeokuta da Minna a 1983. Shugabanta na farko, Farfesa A. O. Adekola, injiniyan gine-gine ne, kuma ɗaliban share fage sun shigo a Oktoban 1981. Ba a je ko'ina ba, a 1984 gwamnatin soja ta ce aljihu ba zai ɗauki bakwai ɗin nan ba, ta liƙa huɗu a jikin tsofaffin jami'o'i. Bauchi ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da sunan Kwalejin Abubakar Tafawa Balewa, Yola ta koma ƙarƙashin Maiduguri, Makurdi ƙarƙashin Jos, Abeokuta ƙarƙashin Legas. Da aka sake su a 1988, Makurdi da Abeokuta aka mai da su na aikin gona, Bauchi kuwa ta riƙe fasaharta, ta fito da sunan da take amsawa har yau. Waɗanda suka ja ragamarta a shekarun da suka biyo baya su ma injiniyoyi ne: Farfesa Buba Bajoga na fannin lantarki, wanda daga baya ya shugabanci kamfanin sadarwa na NITEL, sai Farfesa Abubakar Sani Sambo daga 1995 zuwa 2004, wanda ya tafi ya riƙe Hukumar Makamashi ta Ƙasa. Taken da ke jikin tambarinku ma, da Latin, cewa yake yi ilimi shi ne uwar sana'o'i.

Abin lura shi ne yadda garin yake a lokacin. Kamfanin Steyr yana haɗa taraktoci da manyan motoci a cikin Bauchi, simintin Ashaka ya fara fitowa, jirgin ƙasa yana bi ta nan zuwa Maiduguri. Wanda ya tsara karatun injiniya na shekara biyar a wancan zamani yana da inda zai tura yaro ya ga ana ɗaure inji. Yau Steyr ta zama labari. Tsarin karatun kuwa yana nan yadda yake: horon aikin hannu na SWEP a ƙarshen aji biyu, sai wata 6 na SIWES, wato koyon aiki a masana'anta, a aji huɗu ƙarƙashin asusun horar da ma'aikata na ITF, sai aikin bincike a aji biyar. An gina tsarin a kan cewa masana'anta za ta ɗauki rabin nauyin koyarwa. Tun da masana'antar ta janye, nauyin ya dawo kan ɗakin ƙere-ƙeren jami'a, ko an shirya masa ko ba a shirya ba.

Kowa ya san yadda SIWES ke lalacewa. Yaro ya rasa wuri, wani ɗan'uwa ya sama masa kujera a ofishin ma'aikata, ya yi wata 6 yana ɗaukar fayil, ya cika littafin rahoton a mako guda, mai duba shi ya zo sau ɗaya ya sa hannu. Maganin ba wani mai tsada ba ne. Kowane sashe ya riƙe rajistar wuraren da ake aiki na gaske, irin su Ashaka, tashar lantarki ta madatsar Daɗin Kowa mai megawat 40, kamfanin rarraba wuta na Jos da ke kula da Bauchi da Gombe, matatar ruwa ta Gubi, 'yan kwangilar hanya, har da manyan masu walda da masu sassaƙar ƙarfe na cikin gari, waɗanda bai kamata a raina ba. Sannan maki ya dogara da gwajin hannu bayan an dawo. Ɗan sashen injina a ba shi guntun ƙarfe ya sassaƙa shi ya koma milimita 25, kuskure kada ya wuce 0.05, ya auna da maikromita, na'urar auna kauri, a gaban malami. Ɗan lantarki ya auna sandar da aka binne don kariyar wuta, ya faɗi ko ta isa. Ɗan gine-gine ya kwaɓa kankare ya gwada ruwansa. Wanda ya yi zaman ofis a nan asirinsa zai tonu, kuma shekara biyu ta isa labari ya bazu cikin ɗalibai.

Ɗakin ƙere-ƙere kuwa, a jami'o'in ƙasar nan ba rashin inji ne ya fi kashe shi ba. Asusun TETFund yana sayen inji yana gina ɗaki, amma ba ya sayen abin da inji ke ci kullum: bakin yanka, man sanyaya, sandar walda, iskar gas, bel, ƙarfen da yaro zai ɓata kafin ya iya. Injin miliyoyi sai ya tsaya saboda abin dubu goma. Na biyu wuta. Injin sassaƙa da na goge ƙarfe suna aiki da wuta mai layi uku, bolt 415. Layi ɗaya ya ɗauke, motar lantarkin da ke juya injin ta ci gaba da ja da biyun da suka rage, ta yi zafi, waya ta ƙone. 'Yar na'urar da ke kashe inji da zarar layi ya faɗi ba ta kai kuɗin sake naɗin mota ɗaya ba, amma sau da yawa ba a sa ta. Na uku, wanda ya fi duka ciwo, mutum. Ƙwararren ma'aikacin da ya san halin kowane inji yakan yi ritaya ba tare da an ɗauki wanda zai gaje shi ba, domin idan gurbin aiki ya samu malamin aji ake fara nema. Farfesa goma ba za su tayar da tukunyar narka ƙarfen da mai ita ya tafi ba. Muna roƙo a ware wa kowane ɗaki kasonsa na kayan aiki a kasafin shekara, a rubuce, wanda ba a karkatar da shi, kuma duk ma'aikacin da ritayarsa ta rage shekara uku a haɗa shi da matashi tun yanzu.

Sai ɗakin gwaji, inda muke ganin jami'ar za ta fi amfanar jama'a ta kuma samu kuɗin kanta. Ɗauki bulo. Buhun siminti mai kilo 50 kwanon sarki 2 ne, don haka haɗin siminti 1 da yashi 6 yana nufin kwano 12 na yashi. Masu buga bulo da yawa sun wuce haka nesa ba kusa ba, kuma ba nan kaɗai ɓarnar take ba. Yashin da ke da laka da yawa yana hana siminti kamawa. A zuba shi a kwalba da ruwan gishiri a girgiza, a bar shi awa 3, in lakar da ta kwanta a sama ta haura kashi 8 cikin 100 to a wanke shi ko a canza. Sannan ban ruwa. Bulo yana bukatar a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana 7 a inuwa, amma a zafin Maris da Afrilu ko iskar hunturu sai a shanya shi a rana, ya bushe kafin simintin ya gama aikinsa, kwana biyu a ɗora a mota. Ma'aunin SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, ya nemi bulon da zai ɗauki nauyi ya jure niyuton 3.45 a kan kowane murabba'in milimita. Mai ginin gida a Yelwa ko Fadamar Mada ba shi da inda zai kai bulo uku a faɗa masa gaskiya da farashin da zai iya biya. Wannan gurbin naku ne.

Amma takardar sakamako ba ta da daraja sai na'urar da ta fitar da ita tana da shaida. Kankaren gwaji ana zuba shi a mazubi mai milimita 150 kowane gefe, hawa uku, kowane hawa a daka shi sau 35, a cire bayan awa 24, a nutsar a ruwa, a murƙushe wasu a kwana 7 wasu a kwana 28. Ƙarfin kwana 7 yakan kai kusan kashi biyu cikin uku na kwana 28, shi ya sa yake zama gargaɗi da wuri. Duk wannan wahalar banza ce in injin murƙushewar ya shekara biyar ba a daidaita ma'auninsa ba, domin yana iya ƙara wa rubabben kankare daraja, ko ya kayar da mai kyau. Ana daidaita shi ne aƙalla sau ɗaya a shekara, a manna takardar a jikinsa. Haka sikeli, haka tanda, haka na'urar gwada rodi. Ku zaɓi gwaji biyar ko shida kawai, na kankare da bulo da rodi da ƙasa da ruwan sha, ku nemi shaidar ISO 17025, wadda duniya ta amince da ita kan ƙwarewar ɗakin gwaji, a kansu. Da wannan shaida ne babban ɗan kwangila zai daina aika samfurinsa Kaduna ko Abuja.

Bincike kuwa, ba ma cewa ba a yi. Ɗakunan karatun jami'o'in Arewa cike suke da kundayen digiri kan gyara ƙasa da tokar ɓuntun shinkafa, da tokar ɓawon gyaɗa, da ta rake. Matsalar ita ce duk sun tsaya a kilo goma na ƙasa a kan tebur. Baƙar ƙasa mai tsagewa, wadda a Borno ake kira firgi, ta shimfiɗu a wajajen Deba, Numan, Marte da Ngala. Yumɓun cikinta yana shan ruwa ya kumbura da damina, ya tsuke da rani har ƙasa ta dare, kwalta da bango su bi ta su tsage. Ƙa'idar hanyoyin tarayya tana neman ƙarfin CBR, wato gwajin yadda ƙasa ke ɗaukar nauyi, na kashi 30 a shimfiɗar ƙasa da kashi 80 a shimfiɗar da kwalta ke hawa, ita kuwa wannan ƙasa in an jiƙa ta da ƙyar take ba da 'yan ƙalilan. Hanyar gyaranta sananniya ce: a gauraya ta da laim, wato garin da ake samu in an ƙona dutsen da ake siminti da shi, kimanin kashi 3 zuwa 6 na nauyin busasshiyar ƙasar, a bar ta kwana ɗaya ko biyu ta yi laushi, a daddanne ta a daidai danshin da gwaji ya nuna, a rufe ta kwana 7. Toka tana iya rage yawan laim ɗin, amma da sharaɗi. Sai an ƙona ɓuntun a zafin da ke tsakanin digiri 500 da 700. In aka cinna masa wuta a fili, wani sashe ya fito baƙi da gawayi, wani ya wuce wuta ya zama kamar yashi, ba wanda zai yi aiki. Shi ya sa sakamakon ɗalibi ɗaya ba ya kama da na ɗan'uwansa, kuma ba injiniyan da zai sa hannu a hanyar biliyoyi a kan irin wannan.

Abin da ya rage a yi shi ne fita daga ɗaki. A gina tanda guda mai ma'aunin zafi a kusa da injin casar shinkafa, a roƙi ma'aikatar ayyuka ta ba da mita 300 a wata hanyar karkara mai baƙar ƙasa, a raba uku: ɗaya da marmara da aka ɗebo daga nesa kamar yadda aka saba, ɗaya da laim, ɗaya da laim da toka. A auna tsagewa da lotsawa bayan kowace damina har uku, a rubuta kuɗin kowane sashe. Ɗalibai biyar na digiri na uku za su ci abinci a wannan guntun hanya, kuma abin da za su fitar shi ne irin takardar da kwamishina ke iya karantawa.

Ruwa ma haka. Garin Bauchi a kan dutse yake zaune, har akwai wani irin dutse da masanin ƙasa Farfesa Oyawoye ya raɗa wa sunan garin, ake ce masa bauchite a littattafan duniya. A irin wannan ƙasa ruwa ba ya kwance kamar tafki a ƙarƙashi, yana cikin ruɓaɓɓen saman dutsen ne da tsagoginsa, shi ya sa rijiya biyu da ke nesa da juna da taku hamsin, ɗaya ta ba da ruwa ɗaya ta bushe. Da an nufi Alkaleri, Darazo ko Dukku kuwa, inda yashin Kerri-Kerri yake, ruwan yana nan amma a wasu wurare sai an wuce mita 100. Burtsatse yakan mutu saboda abubuwan da aka sani: ba a yi awon lantarki na ƙasa ba kafin haƙa, an sa bututu mai tsaga a inda ba ruwa, ba a zuba tsakuwar tacewa ba sai yashi ya cinye famfo, ko kuma an sa famfon da ya fi ƙarfin rijiyar saboda ba a ja ruwan awa 24 zuwa 72 an ga iyakarta ba. In famfon mai hasken rana ne, a tuna faranti yana rasa kusan kashi 0.4 na ƙarfinsa a kan kowane digiri da ya haura 25, kuma da bazara yakan kai 60, ga ƙurar hunturu. Dubban rijiyoyi aka haƙa a jihohin nan biyu, kowace da labarin zurfinta da irin ƙasar da aka ratsa, amma labarin yana aljihun masu haƙa. Sashen ilimin ƙasa ya buɗe rumbu guda, duk mai haƙa ya kawo bayanin rijiyarsa a ba shi taswirar unguwar da zai shiga kyauta. Mu masu wannan sana'a za mu kawo.

Kolmani ita ce jarrabawar da ke gabanku. A Oktoban 2019 kamfanin NNPC ya ba da sanarwar samun mai a rijiyar Kolmani ta biyu, a iyakar Alkaleri da jihar Gombe, a Nuwamban 2022 Shugaba Buhari ya zo ya ƙaddamar da aikin. Cibiyar binciken man fetur ta Hukumar Makamashi a cikin jami'arku take. Ko aikin ya yi sauri ko ya yi jinkiri, haƙa ba ta yiwuwa sai da taɓon haƙa, wanda ake turawa cikin rijiya ya sanyaya bakin haƙa ya fito da ƙasar da aka haƙe, shi kuwa da yumɓun bentonait da dutsen barayit ake haɗa shi. Yumɓun yana nan a shimfiɗar Pindiga da Fika, sai dai irin mai kalsiyam ne, ba ya kumbura sosai sai an jiƙa shi da garin soda. Ma'aunin API, cibiyar man fetur ta Amurka, a fili yake: na'urar auna kauri ta nuna aƙalla 30 a juyi 600, ruwan da zai tsatso kada ya wuce mililita 15. Barayit kuma nauyinsa ya kai ninki 4.2 na nauyin ruwa, ko 4.1 a sassautaccen mataki, wanda ke nufin sai an wanke shi an raba shi da yashi. Tambayar da ta dace da jami'ar da ke nan ita ce ko kanwa, wadda ita ma sodar ce a cikinta, za ta iya maye gurbin ta kanti, da nawa, kuma ƙazantar cikinta me za ta ɓata. A yi tan ɗaya, ba kofi ɗaya ba, a kai wa mai haƙa ya gwada, ko da mai burtsatse ne a fara da shi. Farin yumɓun kawolin na Alkaleri ma yana fita ɗanye a tirela, alhali in an wanke shi an ƙona a digiri 600 zuwa 800 yana iya maye kashi 10 zuwa 15 na siminti a kankare, kuma daga gare shi ake iya fitar da alif ɗin da matatun ruwa ke saye.

Akwai magana mai nauyi da ba za mu tsallake ba. A Agustan 2019 gadar ƙafa ta karye a harabar jami'ar da ke Gubi bayan ruwan sama mai ƙarfi, ɗalibai suka rasa rayukansu, Allah Ya jiƙansu. Ba mu zo ɗora wa kowa laifi ba. Roƙonmu shi ne duk gada da kwalbati da tankin sama da benen da ke harabar Yelwa da ta Gubi su shiga rajista guda, malamin da ke da rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya, ya jagoranci 'yan aji huɗu su duba su kafin damina da bayanta: zaizayar gindin ginshiƙi, tsatsar mahaɗa, rodin da ya fito fili, magudanar da ta toshe. Darasi ne da ba a biyan kuɗin mota a je shi.

Doka ma ta ba ku fili. Sabon tsarin manhajar da hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta fitar a Disambar 2022 ya riƙe kashi 70 cikin 100, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da yankinta. A 2023 kuma COREN ta samu shiga yarjejeniyar Washington a matakin wucin gadi, wadda ke auna digiri da abin da ɗalibi ya iya yi bayan ya gama. Kashi 30 ɗin nan kada a cika shi da maimaicin darussan da ake yi a Legas da Akure. A sa baƙar ƙasa, da ruwan cikin dutse, da taɓon haƙa, da wankin kawolin, da gyaran famfon hasken rana.

Abu guda muke so a fara da shi, kuma ba ya bukatar izinin Abuja. Kafin a ɗauki sababbin ɗalibai, kowane sashe na injiniya ya manna jerin injina da na'urorinsa a ƙofar ɗakin da kuma shafin jami'a na intanet: sunan inji, shekarar da aka saye shi, yana aiki ko ba ya yi, abin da ya tsayar da shi, ranar da aka daidaita ma'auninsa, da muƙamin wanda ke kula da shi. Daga cikinmu akwai masu naɗin mota da masu gyaran injin sassaƙa da za su ɗauki waɗanda suka tsaya saboda ƙaramin abu, in an nuna musu jerin.

Wassalam. Allah Ya taimake ku.

Naku,
Wasu injiniyoyi, ma'aikatan ɗakin gwaji da masu haƙar burtsatse na yankin Bauchi da Gombe.